Goggo Tasalla, Mai Raba Tumakin Mata Gida Uku

Kafin rana ta fito a Burumburum, Goggo Tasalla ta riga ta shiga garke. Ba da ƙirga take farawa ba. Hanci take fara dubawa, ko akwai mai majina. Sai ta sunkuya ta dubi kashin da suka kwana suna yi, sannan ta tsaya shiru tana sauraron tari. In ta ga lafiya, ta zuba dusa da kanwa, ta kwance su, ta bi bayansu da sanda har bakin fadama. Shekara talatin da shida ke nan tana haka. Tumakin kuwa ba duka ne nata ba. Mafi yawa na matan gari ne: mai waina, mai kitso, bazawara, matar malamin makaranta da ta gaji da jiran albashin miji. Wadda duk ta tara abin sayen tunkiya, sai ta saya ta kai wa Goggo kiwo. Sharaɗin bai taɓa canjawa ba: 'ya'ya biyu na mai tunkiya, na uku na mai kiwo.

Masana tattalin arziki suna da dogon suna na Turanci da suke kiran mai juya dukiyar mutane, kuma suna ba shi ofis mai sanyi a Legas. Mu nan Goggo muke ce mata. Ofishinta gindin wata tsamiya ne a gefen kara, inda ake cinikin dabbobi, ranar kasuwar Tudun Wada. Nan mata ke zagaye ta don jin labarin jarinsu. Ba ta karatun boko, ba ta riƙe takarda. Kowace tunkiya akwai tsagar mai ita a kunne, kuma da sunan mai ita take kiranta, shi ya sa in tana ba da rahoto sai ka riƙe ciki.

"Sumayya, kin haifi tagwaye, barka. Amma kin cika faɗa, kin tunkuyi Hajiya Mubaraka har tana ɗingishi."

"Ai dama na daɗe ina haƙonta, Goggo!"

Doka ɗaya gare ta wadda ta jawo mata baƙin jini fiye da komai: ba ta barin dabbobin mace ɗaya a wuri ɗaya. Tana da ƙanne biyu makiyaya, Mas'ud a wata ruga ta wajen Doguwa, Uzairu kuma kusa da Yako. Abin da aka kawo mata sai ta kasa shi uku. Ko tunkiya ɗaya tal ka kawo, da ta haifi mace aka yaye ta, za a ɗora 'yar a mashin a kai ta wani garken.

Wadda ta fi kowa faɗa da wannan doka ita ce Saudatu mai waina. Mahaifinsu ya rasu ya bar wata 'yar fadama inda ta tashi tana taya shi dashen albasa. Da aka raba gado, fadamar ta faɗa hannun yayanta Inuwa, ita kuma aka ba ta abin da ya saya mata tumaki tara. Inuwa ba manomi ba ne, so yake ya sayar da ita ya sayi mota. Ya ce mata, "Na ba ki Sallar layya biyu. In ta biyu ta wuce ba ki kawo kuɗin ba, akwai wani Alhaji daga birni da ya riga ya zagaya ta da ƙafa."

Saudatu ta koro tumakinta tara har Burumburum, ta durƙusa ta gaida Goggo, ta faɗa mata komai. Ragunan da za su haifa ne za su sayi gonar ubanta, ba ta da wata dabara bayan wannan.

"Don Allah, Goggo, duka a nan. A gabanki. Ciyawar nan ta fi, idonki ya fi, in na so ganinsu kuma ba nisa."

"Uku nan, uku Doguwa, uku Yako."

"Ni ban san ƙannenki ba."

"Tumakinki ma ba su san su ba. Za su saba."

"Ai ke kin fi su iyawa, kowa ya sani!"

"Na fi su," in ji Goggo, ba ta ko yi kawaici ba. "Amma cuta ba ta san gwani ba, 'yar nan, garke ta sani. Ɓarawo ma haka. In kina son su kwana wuri ɗaya, ga igiyarki."

Saudatu ta bar su, don ba ta da inda ya fi, amma ta tafi tana ƙunƙuni. A faɗi gaskiya, ba ƙarya ta yi ba. Shekarar farko tumakin Burumburum suka yi ɓul-ɓul, na Doguwa suka yi dama-dama, na Yako kuwa rani ya tsotse su. Ta hau mota ta je ta gani da idonta, ta dawo gindin tsamiya tana huci.

"Goggo, na Yako ƙashi ne da fata!"

"Ƙashi da fata mai numfashi."

"Da a wurinki suke da yanzu sun ninka haka."

"Da sun ninka," in ji Goggo.

Wannan amsa ta fi zagi ciwo. Saudatu ta shiga faɗa a kasuwa cewa tsohuwa tana ciyar da ƙannenta ne da gadon marayu. Mata biyu suka ji, suka zo suka kwashe nasu. Mutanenmu ai haka suke: in ka rage musu riba don ka tsare musu uwar kuɗi, ribar da ba su samu ba ita za su riƙa yi wa makoki.

Saura wata huɗu Sallah ta biyu, wani maƙwabci ya sayo rago daga nesa ya sake shi a makiyaya ɗaya da na Goggo. Aka fara da majina, sai zawo, sai faɗuwa. Kafin malamin dabbobi ya iso da allurarsa, an fi kwana goma ana haƙa rami. Goggo ta aika wa Mas'ud da Uzairu cewa kada wanda ya zo duba ta, ita ma ba za ta je ba, kada ta kai musu cutar a tafin ƙafa.

Ranar kasuwa ta zo gindin tsamiya da wani ƙullin tsumma. Babu barkwanci ranar. Ta kwance shi, sai ga kunnuwan tumakin da suka mutu, kowanne da tsagarsa, don kada wata ta kwana tana zargin an sayar mata da dabba. Ta riƙa kiran suna tana miƙawa. Kowace mace ta karɓi kunne, amma ba wadda ta koma gida ba ta da sauran mai rai a wani garken.

"Saudatu. Na wurina sun tafi, iyaye da 'ya'ya. Na Doguwa da na Yako lafiyarsu ƙalau."

Saudatu ta daɗe tana kallon abin da ke tafin hannunta. Can ta ɗago, ta ga sauran kunnuwa tuli a tsumman, ba a kira sunan kowa a kansu ba.

"Waɗannan fa, na wa ne?"

"Nawa ne."

"Naki na Doguwa da Yako fa?"

"Ba ni da ko ɗaya a can. Ƙannena ba sa iya ɗaukar fiye da ƙima. Wurin da ke akwai, ku na sa."

Tumaki arba'in da wani abu ta tara a tsawon rayuwarta, daga ɗa na uku zuwa ɗa na uku. Huɗu suka rage. Matar da ta san dokar fiye da kowa, ita kaɗai ce dokar ba ta rufa wa asiri ba, kuma da saninta.

Sallah ta zo, raguna suka yi tsada. Saudatu ta sayar da na Doguwa da na Yako, waɗanda ta kira ƙashi da fata, ta haɗa da iyayen. Abin da ta samu rabin kuɗin gonar ne. Ta je ta sami Inuwa a zaure.

"Rabi kika kawo," ya ce.

"Rabi zan saya, Yaya. Na bakin ruwa."

"Alhaji duka yake so."

"Alhaji bakin titi yake so. Ka tambaye shi ko ya san yadda ake dasa albasa."

Inuwa ya ja tsaki, ya yi mita, ya karɓa. Rabin Alhaji yana nan har yau, an kewaye shi da bulo, ƙadangaru suna shan rana a ciki. Rabin Saudatu kore ne shar. Da Goggo ta biye wa roƙonta, da abin da za ta kai wa yayanta kunnuwa ne a tsumma.

Mai wannan rubutu ba shi da bakin yi wa Saudatu dariya. Na karanta littattafan masana har idona ya yi rauni, sannan na ɗauki kuɗin sallamata daga aiki na zuba su kaf a hannun jarin kamfani guda, shekarar da kasuwar ta rushe. Takardun suna nan, ɓera ma ya ƙi su. Marigayiya matata, wadda na sha yi wa bayanin tattalin arziki tana tankaɗe, ashe ta kai wa Goggo tumaki biyu ban sani ba. Bayan sadakar arba'in, tsohuwar ta zo ƙofar gidana da bakwai, ta yi mini gaisuwa, ta miƙa mini igiya. Ba wanda ya san da su sai su biyu, ɗaya kuma tana kabari.

Goggo, bana gwiwa ta ƙi, kin ajiye sanda. Ba za a kira ki taro a otal ba, ba za a rataya miki komai a wuya ba. Irin waɗannan na masu cin riba su kaɗai ne, su raba hasara da jama'a. Ke ce kika yarda a zage ki shekara guda don kada a yi kuka shekara goma. Ke ce kika ba baƙi inuwa kika tsaya a rana. Uwar garke, mai amanar da ba ta da shaida. Mun gode. Allah Ya saka miki da abin da cuta ba ta shiga, Ya ba gwiwar nan sauƙi.

Ku kuma da ake danƙa wa kuɗin mutane, masu ofis da masu shago da masu tara jari a waya, ba sai kun je wata ƙasa neman darasi ba. Ku zo Burumburum. Ku koyi cewa a'a ga mai dukiya in ya roƙi abin da zai kashe shi, ku koyi kawo kunne in an yi hasara, kuma in wurin tsira ya yi kaɗan, ku tuna wa ya kamata ya fara shiga.

Sandar tana hannun Zahra'u yanzu, matar ɗan Goggo. Ranar da aka miƙa mata, Saudatu ta zo da kwandon albasa na tsohuwa, da sababbin tumaki uku na kiwo. Zahra'u, don kara, ta ce, "Yaya Saudatu, ko a bar miki su nan kusa, ki riƙa leƙowa?"

"Ɗaya nan, ɗaya Doguwa, ɗaya Yako," in ji Saudatu.

Goggo tana kan tabarma tana murza gwiwa. Ba ta ko ɗago ba.

"Na Yako fa ƙashi ne da fata," ta ce.

"Mai numfashi, Goggo," in ji Saudatu.