Anti Habiba da Yaron Birmingham

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina jiran bus a Cheetham Hill, nan unguwarmu, aka kira ni, wai Anti Habiba ta rasu. Bus biyu suka wuce ina tsaye ina kallonsu. Har yanzu kaina bai dawo daidai ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ajinmu ɗaya a college, criminal justice muke karantawa. 'Yar Kumasi ce, ta girme mu duka har da tutor ɗinmu. Ranar farko ta ji ina waya da Hausa, sai ta jawo kujera ta ce, "Zo nan 'yar Kano, zauna kusa da ni." Tun daga ranar na rabu da sandwich ɗin canteen, shinkafa da wake take zuwa mana da shi da zafinsa.

Ni da bakina, kullum sai na tsokane ta, wai da girmanta gandiroba take son zama? Dariya kawai take yi.

Ba a tashi aji ba ta yi tambaya a kan "wani yaro a Birmingham" ba. Yau appeal, gobe parole, wato sakin fursuna kafin wa'adinsa, jibi yadda ake dawo da fursuna kusa da gida. Har suna muka sa masa, case study ɗin Anti. Na ɗauka ɗan maƙwabta ne. Duk bayan sati biyu ranar Asabar sai ta tafi Birmingham, ta ce sayayya za ta yi a Stratford Road, ta dawo mini da turare.

Yau 'yarta Maryam take gaya mini yaron nan ɗan Anti ne. Ɗan fari. Shekararsa huɗu a gidan yari. Maryam ɗin ce ta ce in faɗa, ta gaji da ɓoyo.

Ni fa a gidanmu kakata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babana ba. Amma shekara biyu mace na cewa "yaron nan" a gabana, ban gane ba. Kunyar ɗan fari ce ko ta gidan yari? Wallahi ban sani ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a library ne. Ta rame, na yi magana, ta ce sanyi ne. Ta rubuta cikakken sunana, ranar haihuwata da address. Na zaci na group assignment ne, ban ko tambaya ba. Da za ta tafi ta ce, "Ke dai akwai surutu, amma kin iya sauraro."

Ashe a list ɗin masu ziyararsa ta sa ni. Maryam ta ga takardar a jakar Anti, an yi booking Asabar ɗin nan, mutum biyu. Ita da ni.

An ce limamin gidan yarin zai sanar da shi. Ko za a bar shi ya zo jana'iza, ba mu sani ba. Maryam jego take, ba za ta iya tafiyar Birmingham ba.

Zan je. Ban san fuskarsa ba, ban san me zan fara cewa ba, kuma ina jin kunyar tsokanar da na yi mata. Me ya sa ni, Anti?

Allah ya jiƙanki, ya sa kabarinki ya fi gidanki yalwa, ya fito miki da yaron nan lafiya.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a, su biyun. Sunansa ba zan rubuta ba, tunda ita ba ta taɓa faɗa ba. Ku ce yaron Anti Habiba, Allah ya san shi.