Bawa da wayar Gogo Hawa

Bawa mai cajin waya ne a kasuwar Tamaske. Kafin ya kafa faifan hasken rana bisa rumfarsa albasa yake sayarwa, kuma halin mai albasa bai sake shi ba: ba ya sallamar mutum babu gyara. Waya ta cika, sai ya bar ta a jone har la'asar, wai ta ƙara ƙoshi.

Wadda ta fi kowa cin wannan gyara ita ce Gogo Hawa, ƙanwar mahaifinsa. Don girmamawa, wayarta ba ta zama ƙasa cikin na 'yan kasuwa. Sama yake ɗora ta, dab da kwanon rufi, inda ko ƙwai aka ajiye sai ya dahu. A cikin wayar akwai muryar marigayi mijinta, wani saƙo da ya taɓa aikowa daga Abijan yana faɗan a ɗaure akuya. Kullum sai ta saurara, ta ba shi amsa.

Wata ranar kasuwa Bawa ya sauko da wayar, ya ga bayanta ya kumbura kamar fanke. Ya danna, shiru. Da Gogo ta zo ya ce mata ba ta cika ba tukuna, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ya kai wa Elisha, mai kula da batiran asibitin mishan, wanda ya shigo cefane. Elisha ya buɗe ya duba.

"Cikin batir akwai wani baƙin abu irin na bakin fensir," in ji shi. "Wuta ta shiga ya kumbura, ta fita ya motse. Ka san yadda lakar fadama ke tsagewa da rani? Haka yake yi, kowane caji tsagar na ƙaruwa. Dole dai ya tsufa. Amma wanga, gasa shi aka yi. Wa ke caja mata?"

Bawa ya tsaya kallon takalminsa.

An sa sabon batir, amma tsoro ya hana Bawa kunna wayar. Ya ɗauke ta a kashe har gidan Gogo, ya durƙusa bakin tabarma ya faɗi komai, har da ƙaryar da ya yi mata. Ta karɓa ta danna. Wayar ta daɗe tana tunani, sannan muryar marigayin ta fito.

"Hawa! Na ce a ɗamre akuyar ga!"

"Na ji, Malam, na ji," in ji Gogo. Ta goge ido da bakin zane, ta dubi Bawa. "Ɗan nema, saura kaɗan ka kashe mini shi karo na biyu."

Ita dariya ta yi. Shi bai iya ba.

Yanzu waya na cika yake cirewa, ya ajiye a inuwa kusa da randa. Gyara kuwa bai daina ba, albasa yake haɗa maka. Ta Gogo ta fi ta kowa girma, kuma har yau ƙasa yake kallo in zai miƙa mata.