Tafiyarmu ta Ƙarshe da Kawu Eino

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran kawuna Eino Rautiola a asibiti, yana da shekara tamanin da ɗaya. Ciwon zuciya ne sanadi. Mun yi masa addu'a a majami'ar ƙauyenmu da ke bakin Tafkin Superior, amma binnewa sai ƙasar da sanyi ya daskarar ta saki a watan Mayu, lokacin da za a kwantar da shi kusa da matarsa, Inna Lempi.

Kawu, mutane suna ta zuwa suna yi mini gaisuwa, kowa da alherin da yake tunawa. Wata tsohuwa ta ce tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidanta ba, kafin ta farka ka riga ka share ka tafi. Ni kuwa ba sai an gaya mini ba. Ranar da icce ya faɗo wa mahaifina a dajin katako ina ƙaramar yarinya, kai ka zo ka ɗauke ni daga makaranta. Da muka isa gida, ka yanka mini burodin nan mai zaƙi da muke kira nisu, ka zauna kusa da ni, sannan ka faɗa mini ya rasu. Daga ranar ka zama uba.

Duk yankinmu an san ka da koriyar motarka ƙirar 1954. Amare nawa ta kai majami'a, ba wanda ya lissafa. A cikinta ka koya mini tuƙi, kana tsokanata wai ƙafata ta fi ta uwata nauyi. Amma da zarar sanyi ya shigo sai ka kulle ta a gareji, ka lulluɓe ta da bargo, don kada gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara ya ci mata ciki. Ko 'ya'yanka ba su isa su taɓa makullinta ba sai bazara.

Ranar Juma'ar nan da ta gabaci rasuwarka ita ce har yanzu take hana ni sukuni. Tun safe ake ruwa gauraye da ƙanƙara, iska ta tsinka wayoyin lantarki. Na tako da ƙafa don in duba ka, na tarar da wani ƙaton icce ya faɗa kan akori-kurarka ya murƙushe kanta. Kai kuma kana zaune a kicin, fuskarka ta yi toka-toka, gumi na tsattsafo maka, hannunka dafe da ƙirji. Ka ce mini ba komai, kifin jiya ne. Na kira motar asibiti, suka ce itatuwa sun tare hanyar da suka saba bi, idan da hali in fito da kai mu haɗu a mararrabar babban titi. Tawa motar tana can gida, ƙanƙara ta binne ta.

Kai da kanka ka miƙo mini makullin koriyar motar. Da na ga haka, na san da ciwon ƙarami ne da ba za ka yarda ta taka gishiri ba.

Ta tashi ba gardama. Muka hau hanya, waifa tana share gilashi a hankali kamar yadda ta saba. Amma da muka fara hawan tudun da ke bayan tsohuwar mahaƙar tagulla, na taka totur, sai waifar ta tsaya cak a tsakiyar gilashin. Nan take ƙanƙara ta rufe komai. Ban ga titi ba, ban ga kwarin da na san yana hannun damanmu ba. Na kira sunanka da wata irin murya da ban san ina da ita ba.

Ka ce, "Ɗaga ƙafarki kaɗan, Gayle. Ba lantarki ke juya ta ba, iskar da inji ke zuƙa ce. In kin danne shi, ba ya rage mata komai."

Na ɗaga ƙafa, ta share sau ɗaya. Haka muka hau tudun nan, in taka in saki, ina ganin duniya na ɗan lokaci sannan ta ɓace. Kowane shiru da ka yi sai in ɗauka ka tafi, in waiga. Kai kuma sai ka ce, "Titi za ki kalla, ba ni ba. Fuskata ba ta canja ba tun kina goye."

Da muka gangaro sai waifar ta mutu gaba ɗaya. Ko na saki totur ba ta motsi. Na sauke gilashin gefe na leƙa da kaina, iska ta watsa mini ƙanƙara a ido har na kasa buɗe su. Ƙafar mota ta zame, muka tsaya a karkace a gefen hanya. Ba gida kusa, ba mota ko ɗaya, wayata kuma ta daina kamawa. Na kifa kai a sitiyari na fashe da kuka. A raina na gama yarda cewa a nan za ka mutu, ina zaune ina kallo.

Ka bar ni na ɗan yi, sannan ka ce, "'Yar nan, kasa kunne. Me kike ji ban da inji?"

Na saurara. Akwai wani siririn huci, kamar na taya mai yoyo.

Ka ce, "Tiyo ne ya tsage. Sanyi ya busar da robar. Buɗe bonet, can bayan inji za ki ga baƙin tiyo mai kaurin ɗan yatsa. Ga wuƙa a aljihuna, ni hannun ya ƙi."

Wannan kalma ta ƙarshe ta fi komai tsorata ni. Na zaro wuƙar na fita. Yatsuna sun sandare, na lalubo tiyon, na ji tsagar a daidai bakinsa. Na yanke wurin, amma da na zo mayar da shi sai ya ƙi shiga, ya yi tauri kamar itace. Na yi ta turawa har fatar yatsana ta yage ban ji zafi ba. Na dawo na gaya maka. Idonka a rufe, leɓɓanka sun fara yin shuɗi. Ka ce in sa bakin tiyon cikin bakina in ɗumama shi. Na koma na sunkuya a kan inji, roba mai ɗacin fetur a bakina, ina roƙon Allah a zuci kada ya ɗauke ka kafin in ɗago. Da ya yi laushi, ya shige. Na bubbuge ƙanƙarar da ta daskare a kan robobin waifar kamar yadda ka ce, na shiga na murɗa makunninta. Ta yi jim, ta yunƙura, ta share.

Ka ce, "To, ga ki makaniki. Mu je, amma a hankali."

Mun tarar da motar asibiti tana jiranmu a mararraba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, suka samo maka 'yan kwanakin da 'ya'yanka Dale da Marlys suka iso daga nesa suka gan ka da rai, ka riƙe jikarka sabuwar haihuwa, ka yi wa kowa sallama da hankalinka. Ranar Litinin da muka rage mu biyu a ɗakin, na tambaye ka yadda aka yi ba ka ji tsoro ba a hanyar nan. Ka ce, "Wa ya ce miki ban ji ba? Na ji har cikin ƙashina. Amma da kin gane, da ba mu iso ba." Washegari ka cika.

Kawu, har yau ina jin tsoron. Idan iska ta taso daga tafki nakan tsaya a taga in dubi wajen gidanka, in tuna babu mai amsa waya a can. Ban san yadda ake ƙarasa hunturu ba tare da kai ba, amma zan koya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka, 'yan'uwana Dale da Marlys, da iyalansu, da ƙanwarka, mahaifiyata, wadda ta rasa na ƙarshe cikin waɗanda suka san ta tun tana yarinya, da dukan maƙwabtan da ka ɗauki nauyinsu ba tare da sun roƙa ba. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Allah ya jiƙanka, Kawu Eino. Ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da fiye da abin da ka yi mana, ya karɓe ka cikin salamarsa. Yadda ka ɓoye tsoronka don in samu ƙarfin zuciya, Ubangiji ya raba ka da kowane tsoro har abada. Amin.

Gayle, 'yar ƙanwarka.