Fim ɗin da ya rage a gwangwani

Har gobe ban manta da ranar da wata tsohuwa daga wajen Dauran ta shigo shagona a Kaura Namoda ba, riƙe da hannun jikarta. Ku da kuka tashi da waya ba ku san yadda muka fara ba. A da, fim muke sa wa kyamara. In ya cika, mu shiga ɗaki mai duhu mu wanke shi, mu buga a takarda, fim ɗin kuma mu adana a gwangwani. Da kyamarar zamani ta zo, sai muka koma katin ajiyar hoto: ka ɗauka, ka buga, in ya cika ka goge. Mun yi murna, har muna yi wa masu fim dariya.

Ta zauna ta ce, "Malam, ɗana Lawali ya ɗauki hoto wurinka bara waccan. Ɓarayin daji sun kashe shi, sun tahi da waya tai, ɗakin ma sun ƙone. Yarinyar ga ba ta san huskar uban ba."

Na tuna shi, hoton fasfo ya yi. Amma katin an goge shi tun tuni. Na ce, "Inna, babu."

Sai ta ce ai yana ƙarami ma ta kawo shi, ranar wata Sallah. Na sauko da gwangwanayen da ƙura ta rufe, muna ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya a hasken ƙofa. A fim, baƙi fari ne, fari baƙi, ni kaina da ƙyar nake gane mutum. Ita ce ta riƙe hannuna. "Tsaya. Ga kunnuwa nai."

Na ɗauke shi da waya, na juya launin, na buga. Yaro ne cikin riga da ta yi masa yawa. Yarinyar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Inna, wanga ai yaro na. Ina Baba?"

Tsohuwar ta karɓi hoton, ta kama hannun jikarta suka tafi.

Tun ranar ban sake goge fuskar kowa ba. A ƙasar nan, ba ka san wanda za a dawo nema ba.