Kar Ka Kashe Mota

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da aka karɓe mini makullin mota ba. A shekarar da aka cire tallafin mai ne. Mu biyu ne direbobin wata ƙungiyar taimaka wa manoma a Dutsin-Ma, ni da Bala. Manaja ya ce za a sayar da mota ɗaya, a sallami direba ɗaya. Wanda motarsa ta fi shan mai cikin wata uku, shi zai tafi.

Ga wanda bai san aikin ba, mota ta fi shan mai a gajeriyar tafiya mai yawan tsaye-tsaye. Shi Bala, manaja yake kaiwa Katsina, kan kwalta, giya ta biyar, ko birki ba ya cika takawa. Ni kuwa jami'in da ke zagaya manoma nake ja, Alhaji Mansir: Dabawa, Kuki, ƙauyukan Kurfi, cikin yashi da taɓo, a giya ta biyu. Inji bai gama ɗumi ba an ce tsaya.

Wannan ma da sauƙi. A ƙauye, in ka kashe mota a ƙofar gidan mutum, zama ka zo yi. Za a shimfiɗa tabarma, a dama fura, wani har zakara zai sa a kama. Alhaji ba ya son zama, kuma ba ya son a ce ya raina abincin talaka. Muna isa sai ya ce, "Malam Lawal, kar ka kashe." Ana taɓa tabarma sai ya nuna ni: "Wallahi sauri muke, kun ga ko mota ba mu kashe ba." Mai saurin nan sai ya share rabin awa yana hira a tsaye, motar tana ta kuka.

Rannan na ce, "Ranka ya daɗe, a tsaye ma fa shan mai take. Aikina ne a ciki."

Ya ce, "Haba Malam Lawal, ina raye? Ni zan yi bayani."

Ranar hukunci aka tara mu a ofis. Manaja ya ce motata ta yi wa ta Bala nisa wajen shan mai. Na zayyana masa komai, ya juya ya ce, "Alhaji, haka ne?"

Alhaji ya gyara zaman hula. "To, ni dai a baya nake zama. Amma na sha gaya masa ƙafarsa ta cika nauyi a kan totur."

Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Shekara goma sha tara ina tuƙi ban taɓa buge ko akuya ba, na fito daga ofishin nan na hau acaɓa zuwa gida.

Ku direbobin da kuke farawa, ku riƙe wannan: hanya tana shan mai, halin na kujerar baya ma yana sha. Amma ranar tambaya, na kujerar gaba kaɗai ake kira.