Kawu Bawa da Injin Gidan Maigari

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Bawa, yayan Innarmu, mai sayar da yadi a kasuwannin Anka da Gummi. Bai yi boko ba, bai taɓa riƙe muƙami ba, amma a bakinsa na fara jin cewa sarki ma doka tana iya hawa kansa.

Ban da aikin hajji, tafiyarsa ƙasar waje ita ce ziyarar ƙabarin shehin ɗariƙarsu a birnin Fas na Maroko. Ya tarar ana shirin jefa ƙuri'a kan sabon tsarin mulki, wanda a ciki sarkin ƙasar ya yarda ya sakar wa zaɓaɓɓun jama'a wani ɓangare na ikonsa. Mai masaukinsu ya gaya masa cewa tun bayan samun 'yanci suka ɗora sarauta a kan rubutacciyar doka, ana jayayya ana gyarawa. Kawu ya dawo da jallabiya da turare, amma tsarabar da ya fi rabawa ita ce wannan labarin. Har muka gaji da ji.

A lokacin ne gubar dalma take kashe yara a ƙauyenmu. Ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ƙurar mai ɗauke da dalmar tana sauka a kan tuwo da tabarma. Ma'aikatan lafiya suka yi bayani, dattawa suka yanke cewa kowa ya fitar da injinsa na niƙa bayan gari. Ba wanda ya motsa, domin inji mafi girma yana gidan Maigari, kuma ba mai iya faɗa masa.

Kawu ne ya faɗa, bayan sallar Juma'a, zauren Maigari cike da mutane. Ina wurin. Ya durƙusa ya kawo labarin Maroko tun daga farko, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, sarkin can ya hi ka dakaru, amma ya bi doka, kuma rawaninai bai hwaɗi ba. Ɗiyanmu na mutuwa."

Maigari ya tashi ya shige gida. Jikarsa ma tana kwance a asibitin Anka. Washegari aka ga amalanke ta fito da injin, shi da kansa yana biye da ita a ƙasa. Mata suka yi ta guɗa ta kan katanga. Kafin kasuwa ta sake ci, ba sauran niƙa a cikin gari.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga yau, da hanyar Bukkuyum ba ta biyuwa sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Ina jin ransa zai ɓaci, sannan ya ɗauki sandarsa ya nemi zauren da ya kamata a yi magana.

Shagonsa ya koma hannun wasu, gidansa ruwan sama ya ci rabi. Amma ɗan Maigarin ne yake sarauta yanzu, kuma ba ya yanke hukunci sai ya tara dattawa. Yaran da aka haifa bayan waccan Juma'ar kuwa sun isa riƙe fartanya, kuma suna da yawa. Allah ya jiƙan Kawu Bawa.