Babin Daka

Mu masu karanta labaran duniyoyin da babu su, ba a ɗaukarmu masu cikakken hankali a Anka, ni kuwa ban taɓa ɓata bakina wajen kare kaina ba. Muna da zaure a waya, maza da mata daga Anka da Gummi da Bukkuyum, inda muke tura wa juna abin da muke karantawa. Akwai 'yan takobi da tsafi, waɗanda ba sa jin daɗi sai an fille kan wani dodo. Akwai 'yan aljanu, yawancinsu matan aure, da za su karanta abin tsoro da tsakar rana sannan su kasa shiga banɗaki su kaɗai. Ni ina cikin 'yan tsirarun da suka fi son labarin kumbo da taurari da na'ura mai tunani. Abin da ya haɗa mu duka shi ne maimaici. In labari ya kama mu, sai mun karanta shi har mun haddace wuraren da marubucin ya yi kuskuren rubutu.

Taubashiyata, ɗiyar kawuna, ta fi kowa wannan cutar. Inna, mahaifiyata, ita ce ta riƙe ta tun tana ƙarama, ɗaki ɗaya muka tashi, sai aure ya kai ta wani ƙauye a yankin Gwashi. Ina kiranta baƙauya, tana kirana malamar da ba ta iya tuƙa tuwo ba, kuma kowaccenmu ta san akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da yanar ido ta rufe idanun Inna, zaman gida ya fara yi mata nauyi, sai na gwada karanta mata labari. Ba ni da haƙurin karatu a fili. Nakan tsallake layi, Inna ta kama ni, mu yi faɗa. Da taubashiyata ta ji, ta ce in bar abin da ban iya ba. Daga nan ta fara ɗaukar muryarta tana karantawa babi-babi, ta turo wayata, ni kuma in kunna wa Inna bayan la'asar.

Littafin da suka zaɓa ni da ita mun riga mun karanta shi ya fi a ƙirga. Labarin wasu mutane ne da ƙasarsu ta zama guba, har yara suka daina rayuwa a kanta, sai suka ƙera wani ƙaton kumbo suka kwashe gari guda suka tashi neman wata duniya. Tafiyar ta fi tsawon rai, don haka aka kwantar da kowa barci a cikin akwatunan gilashi, aka bar mace ɗaya a farke tana gadi. Inna ba ta yi mamakin komai ba. Ta ce ai wannan Abare ce, inda aka kankare ƙasar gidaje saboda dalma, bambancin kawai su can ba su sami kumbo ba. Abin da ya dame ta ɗaya ne, wace alƙibla mai gadin take fuskanta in za ta yi salla.

A lokacin taubashiyata tana da goyo, 'yar fari, kuma sunan Inna aka sa mata. Kunya biyu ke nan ta hau kanta, ta 'yar fari da ta sunan gwaggonta, don haka ko da wasa ba ta faɗin sunan yarinyar. 'Yar mutane take ce mata. In ka tambaye ta lafiyarta sai ta kau da kai ta kama wata magana. Amma duk saƙon da ta turo, yarinyar na ciki. Tana da wani ɗan tari da ya ƙi barinta tun farkon damina, sai ka ji ana tsakiyar bayanin injin kumbo, ta yi shi daga bayan uwarta. Inna takan yi murmushi ta ce takwara ta gaishe ta.

Babin ƙarshe da ya iso mana shi ne wanda 'yan zaurenmu ke kira babin daka. A cikinsa mai gadin tana zagaya ɗakunan masu barci, sai ta ji ana daka a turmi, can ƙasan kumbon. Ta duba akwatuna, kowa na kwance. Ta bi ƙarar, duk inda ta kai sai ta ji ta a gaba. Kuma da ta tsaya, dakan ya tsaya. Na karanta wannan babin sau ba adadi, amma har yau in na zo wurin sai tsigar jikina ta tashi.

Washegarin zuwansa aka katse sabis ɗin waya a jihar baki ɗaya, saboda 'yan bindiga. Wanda bai zauna cikin wannan shirun ba, ba zai gane shi ba. Waya na hannunka, da caji, da komai, amma ta zama kamar dutsen guga. Labari sai na baki, kuma kowane baki da nasa. Mu masu karatu muka koma kan abin da ke cikin wayoyinmu, ana haɗuwa ana tura wa juna tsofaffin littattafai waya da waya. Ni kuma na ci gaba da kunna wa Inna babukan da muke da su daga farko. Sai dai duk inda muka fara, takan ce a koma babin daka.

Da farko na ɗauka daɗinsa take ji. Da abin ya yi yawa na fara ƙosawa, don ni ba mai ɓoye gajiya ba ce. Wata la'asar muna zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, ta sa na mayar da wuri ɗaya har hannuna ya gaji. Na ce mata ai ko marubucin bai kai ta sanin wannan babin ba.

Ta ce, "Ba labarin nika saurare ba. Yi kurum, ki saurari bayanta."

Na mayar, na kara wayar a kunnena. Ashe akwai daka na gaske a cikin saƙon. Wata maƙwabciya ce take yi a bayan katanga, ni kuwa duk kwanakin nan kunnena ya haɗe shi da na labarin. Ga kukan kaji, ga tarin yarinyar. Sai dakan ya yanke a tsakiya, ba irin yankewar mai hutawa ba. Kajin ma suka yi tsit. Daga can nesa wani gunji ya taso, siriri, yana ƙara kauri. Babura ne. A wajenmu babur ɗaya ko biyu matafiyi ne, amma in suka taho da yawa a tare haka, ba a tsayawa tambayar ko su wane ne.

Taubashiyata ba ta daina karatu ba. Sauri kawai ta ƙara, numfashinta na sarƙewa, har ta kai ƙarshen shafin. Kullum takan rufe da cewa a gaida malama, a ce mata ta koyi tuwo. A wannan ba ta ce ba. Na lura da haka tun ranar farko, na ɗauka mantawa ta yi, har na ji daɗi na sami abin tsokanarta.

Na tambayi Inna tun yaushe ta ji. Ta ce tun ranar da ya zo. Ta yi shiru ne don tana fatan kunnenta ne ya tsufa.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a littafi ba. Ba mu san ko tana raye ba, ita da yarinyar, kuma babu hanyar sani. Na bi tasha ina tambayar direbobin hanyar Bukkuyum. Wani ya ce an shiga ƙauyen, wani ya ce na kusa da shi ne, wani ya ce mutanen sun watse tun kafin a iso. Na je wata makaranta a gefen gari inda aka sauke waɗanda suka gudo, na bi aji-aji ina tambaya. Ba wanda ya san ta. Na tuna na wuce wata mata zaune ta juya fuskarta ga bango, hijabi ya rufe ta ruf, na yi mata sallama ba ta amsa ba. Na ce a raina wannan abin duniya ya ishe ta, na wuce.

A kwanakin ne mutane suka ƙirƙiro dabarar aika waya neman sabis. Wani direba ɗan unguwarmu yakan bi ta Gummi har ya fita jihar, sai jama'a su cire wa wayoyinsu makulli su ba shi, kowa ya ɗaura wa tasa alama, wani zare, wani ƙyalle. Ya ce in ya isa inda ake samu, yakan shimfiɗa tabarma a gindin itace ya baje su ya kunna. Sai su kama kuka gaba ɗaya, saƙonnin da suka maƙale suna fita, na waje suna shigowa. Ya ce shi kansa yakan matsa gefe har su gama, don wasu masu wayoyin ya san waɗanda suke jira ba za su amsa ba. Na ɗaura wa tawa bakin zare na ba shi. Kwanakin da ta yi a hanya, Inna ba ta da abin saurare, sai ta zauna da carbi kunnenta na bakin ƙofa.

Da wayar ta dawo, saƙonnin zaure sun cika ta, 'yan Kano da Kaduna da suka shigo cikinmu suna ta gardama a kan wani sabon littafin aljanu. Ban bi ta kansu ba. A ƙasa akwai saƙon murya guda daga taubashiyata. Na zauna a ƙasa kusa da Inna na kunna.

Babu sallama, babu gaisuwa. Babi na gaba kawai ta kama karantawa, da wata murya shimfiɗaɗɗiya kamar mai karanta abin da ba ta gane ba. Ni dai hawaye nake ina hamdala, tana raye. Inna ta ɗaga mini hannu. Wannan karon ni ma na san inda zan sa kunnena. Babu kaji, babu turmi. Muryoyin mata ne da yawa, da ƙarar bokitai, da amon ɗaki marar kaya. Can sai wani ladani ya hura lasifika, ya yi gyaran murya mai tsawo kafin ya fara kira.

Inna ta ce, "Wanga ladanin masallacin makaranta ne. Tana cikin garin ga."

Na miƙe zumbur ina neman mayafi. Ita ba ta motsa ba sai da saƙon ya kai ƙarshe. Sannan ta ce, a hankali, "Ban ji tari ba."

Daga baya direban ya gaya mini cewa wata mata a makarantar ta ba shi waya mai fasasshen gilashi. A jaka ɗaya suka yi tafiyar da tawa, a tabarma ɗaya aka baje su. Saƙon ya fita daga waccan ya shiga wannan suna kwance gefe da gefe, alhali tsakanin gidanmu da makarantar ko babur ba a hawa.

Inna ta ce da ita za a je. Ta dafa kafaɗata muka tafi. Mun same ta zaune a ƙofar aji, fuskarta a buɗe, kamar tun da ta ba da wayar take jiranmu a wurin. Ta rame har sai da na sake dubawa. Hijabin na gane shi, na matar nan ne da na yi wa sallama. Ta durƙusa gaban Inna. Inna ba ta taɓa fuskarta ba, hannunta ya zarce kai tsaye zuwa bayanta, ya shafa daga kafaɗa zuwa kugu, ya tsaya.

Taubashiyata ta ce, "Gwaggo, na kasa shigowa gidanki da baya wofi."

Abin da ta faɗa ke nan a kan yarinyar, har yau. Sauran daga bakin matan ƙauyensu muka ji. Sun kwana a daji cikin ruwan sama, tarin ya sauka ƙirji, kafin su kai titi ta cika a bayan uwarta, aka binne ta a wani ƙauye na kan hanya. Mijin ya koma neman iyayensa. Ita kuma ta roƙi matan kada su nuna ta ga kowa.

Mun taho da ita gida. Sabis ya dawo daga baya, zaurenmu ya ci gaba da harkarsa, yanzu ma wani labarin birnin ƙarƙashin teku ake yayi. Wayarta ta ƙarasa mutuwa da duk abin da ke ciki, tawa ce ta rage. Ba ta taɓa kuka a gaban Inna ba, kuma ba ta ƙara ɗaukar wani babi ba. Amma wani lokaci bayan la'asar, in mun zauna a gindin darbejiya, takan ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malama, sa muna babin daka."

Sai in kunna. Mu uku mu zauna muna sauraron muryarta tana ba da labarin mai gadin kumbo, babu mai bin labarin a cikinmu. In an zo inda yarinyar ta yi tari, sai ta ce in maido baya kaɗan. Nakan mayar duk sau nawa ta ce, kuma na san daidai inda zan kashe kafin baburan su taso.